Yadda za ka bi salsalar gidanku tun tsofaffi na da rai

Ranar sadakar bakwai ta kakata ta wajen uba muna zaune a zaure nan Birni, tsohuwar unguwar Zinder ta Damagaram, wani yaro ɗan ƙanwata ya tambaya wai mene ne sunan uban kakanmu, wallahi manya huɗu ne a wurin kuma suna uku aka ba shi, wannan ya ce Malam kaza, wancan ya ce a'a ai wannan wansa ne, aka yi ta ja har aka kira la'asar. Wadda ta san amsar kuwa mun kai ta makwancinta kwana bakwai da suka wuce. Abin ya tsaya min a rai sosai, shi ya sa na shiga wannan aiki, yau shekara huɗu kenan, ta wajen uba na kai kaka na bakwai ta wajen uwa na biyar. Ga yadda na bi, duk mai so ya ɗauka.

Farko dai kar ka ruga intanet. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi ka buga sunan kakanka a Google, babu abin da zai fito, mutanenmu ba a can suke ba. Sayi kaye, wato littafin rubutu, mai kauri guda da bik, shafin farko ka rubuta sunanka, na babanka, na innarka, na kakanni huɗu, kowa da garin da aka haife shi da sana'arsa da inda aka rufe shi in ya rasu. Inda ka tsaya cak, to nan ne bakin aikinka. Yawancinmu a kaka na biyu muke tsayawa, ta wajen uwa ma ko nan ba mu kaiwa.

Daga nan sai ka jera tsofaffin danginku da ke raye, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya, ba wanda ya fi kusa da gidanka ba. Takarda tana iya jiranka shekara goma a cikin akwati, tsoho ba ya jira. Kuma don Allah ka fara da mata. Mu maza mun iya jero sunan uba da uban uba shi kenan, amma gwaggo ko iya ita ta san wa ya auri wa, wace ce aka saka, wane ne aka ba da shi riƙo tun yana goye har mutane suka ɗauka ɗan gidan ne, wa ya sha nonon wa, wace kishiya ce ta zo da agola. Rabin abin da ke cikin kayena daga bakin gwaggona guda ya fito, wadda ke aure a wajen Mirya.

Zuwa wurin tsoho kuwa akwai ladabinsa. Ba a zuwa hannu rabbana, riƙe goro ko sukari da ganyen shayi ko sabulu, abin jika ɗaya jika biyu ya isa. Ka je da hantsi ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba lokacin da jiki ya mutu. Kar ka zaro kaye tun daga ƙofa, tsofaffinmu da yawa in suka ga takarda da bik ƙidayar lanho, wato haraji, suke tunawa ko rigimar gado, sai su ƙulle baki. Gaisa sosai, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili, ka ce Gwaggo so nake yaranmu su san kakanninsu su riƙa sa su a addu'a. Sannan ka nemi izni ka kunna rikoda ta waya, ka ajiye wayar gefe a kan tabarma ka manta da ita. Kafin a fara ka faɗi da bakinka ranar da wurin da sunan mai magana, don bayan wata shida in murya talatin ta taru a waya ba za ka gane wace ce wace ba. Ka cika caji tun daga gida, ka sa wayar a yanayin jirgi kar kira ya yanke ɗaukar.

Tambaya ma sai an iya. In ka ce ba ni tarihin gidanmu, za a ce maka ai mu dai nan muka tashi muka ga iyayenmu. Tambayi ƙananan abubuwa. Iya, ranar da aka kawo ki gidan nan wa ya riƙe ki? A wace rijiya kuke ɗiban ruwa? Gonar Baba ta gabas wa ya sare ta? Da Sallah gidan wa ake kai ku gaisuwa, kuma me ya haɗa mu da su? In an yi rasuwa daga wane gari ake zuwa mana gaisuwa? Wannan ta ƙarshen tana da amfani ƙwarai, domin garin da ake tasowa takanas a zo muku ta'aziyya akwai jini a can ko da an manta ta inda ya bi. Kuma in tsohuwa ta saki hanya ta shiga labarin wata akuya da ta ɓata, ƙyale ta, sau da yawa a cikin irin wannan ne sunan da kake nema zai faɗo. Awa ɗaya ta isa, ka koma wani satin, zuwa na biyu da na uku ya fi na farko albarka don ka tayar mata da tunani, tana kwana tana tuno wasu.

Sai maganar suna, a nan ne mutane ke ɓata. Ka tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, za ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko ta ce mai sunan wane. Kar ka matsa mata, tafi da wata jikar ko ƙanwarta wadda za ta faɗa a madadinta ita kuma ta gyaɗa kai. Bayan haka kusan kowa suna biyu ko uku gare shi, na yanka da na rana da laƙabi. Ɗanladi, Ɗanjuma, Balarabe, Talatu, Asabe, duk ranar haihuwa suke nunawa ba sunan yanka ba ne. Amma kar ka raina su, labari ne a cikinsu: Tanko yana nufin mata ne suka riga shi, Kande ko Delu maza ta biyo, Gambo kuwa bayan tagwaye ya zo, to in ka ga Gambo a layinku ka tambayi ina Hasan da Husaini, ko sun rayu ko ba su rayu ba. Sunan nan uku da aka ba yaron a zaure, daga baya na gano biyu mutum ɗaya ne, ɗayan sunan yanka ɗayan laƙabin kasuwa, na ukun kuma wansa ne da ya riƙe marayunsa.

Ga kuma rubutun Nasara. Mu nan ba mu da sunan iyali da ke bin zuriya, sunan ubanka ake liƙa maka, kowane ƙarni ya canza, wani ma da aka kai shi lakwal sunan kawun da ya riƙe shi aka rubuta. Abubakar ɗaya za ka gan shi Aboubacar a wata takarda, Boukar a wata, a gida kuma Habu ko Garba. Muhammadu ya zama Mahamadou, Mahaman, Mamane. Yusufu ya zama Issoufou, reshen da ke Kano kuma su rubuta Yusuf. Saboda haka kowane mutum ka ba shi shafinsa guda, ka jera duk sunayen da aka san shi da su da duk yadda aka rubuta su.

Shekaru fa, tsoho ba zai ce maka 1931 ba. Abin da za ka yi shi ne ka keɓe shafi biyu a bayan kaye ka yi wa kanka tsani na abubuwan da kowa ya sani, ka riƙa rataya haihuwa da aure da ƙaura a jikinsu. Sarkin Damagaram Tanimun ya rasu 1884. An kashe Cazemajou, hafsan sojan Faransa, a Zinder a 1898, Nasara suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, zamanin Amadu Kuran Daga. A 1906 suka tuɓe sarki, aka shiga zamanin Ballama, bafaden da suka ba riƙon ƙasar, sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923 da Barma Mustafa, shi kuma ya kai 1950, Sanda Umaru ya ɗauka har 1978. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Zinder ce babban birnin ƙasa daga 1911 har aka mayar Yamai a 1926. An soke aikin dole a 1946. Ƙuri'ar i ko a'a ta zamanin jam'iyyar Sawaba 1958, ƴancin kai 1960, Kunce ya karɓi mulki 1974 ana cikin fari, yunwar El Buhari 1984 zuwa 1985. To in iya ta ce da aka yi wa Sanda Umaru sarauta ina goyon babanka, ka samu shekara kusan daidai. In ta ce uwata ta ce lokacin Kakalaba ta fara tallar fura, ka san yarinya ce ƴar shekara bakwai zuwa goma a 1914, sai ka rubuta wajajen 1905, kuma ka sa kalmar wajajen ɗin, kar ka mayar da ƙiyasi tabbas.

Akwai shaidun da ba baki ba. Dubi fuskar tsofaffinku, zanen gado yana faɗin asali, na Barebari daban, na Daurawa daban, na Katsinawa da Gobirawa daban, kuma yanzu kusan an daina yi, nan da ƴan shekaru sai a hoto. In tsoho ya yarda ɗauki hoton fuskarsa ta gaba da ta gefe biyu, ka kai wa tsohon wanzami, zai fi kowa karanta maka. Tambayi su wane ne abokan wasanku, in kun tashi kuna tsokanar Fulani suna tsokanarku akwai alamar Barebari a jininku. Sana'ar gado ma hanya ce, majema, maƙera, marina, mahauta, dukawa, kowace tana da sarkinta kuma gidan sarkin sana'a sun san gidajen da ke ƙarƙashinsu. Unguwar ma tana magana: wanda kakanninsa ke Zango tun asali ya duba wajen fatake da ayarin Buzaye da masu zuwa daga Agadas, na cikin Birni ya duba alaƙarsa da fada. Maroƙa da makaɗan gidanku kuwa a biki suna jero kakanni cikin kirari, ɗauki muryar, amma ka san aikinsu kambamawa ne, suna tsallake wanda bai yi suna ba, wani lokaci su liƙa ka a jikin gidan da ya fi naku girma. Karɓi sunayen ka je ka gwada su da bakin tsofaffi.

Sai bayan duk wannan ne za ka koma kan takardu, kuma na cikin gida tukuna. A roƙi a buɗe tsohuwar adaka da gafakar Malam. Alƙur'ani rubutun hannu sau da yawa marubucin yana sa sunansa da na ubansa a ƙarshe, malamai kuma kan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen kundi da ajami ko larabci. In ka ga shekarar hijira ga lissafi mai sauƙi: raba ta da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1317, in ka raba ya ba ka kusan 40, ka cire saura 1277, ka ƙara 622 ya zama 1899. Nemi katin iyali na lanho, tsohon katin ɗan ƙasa, takardar gona ko ta gida, takardar rabon gado ta alƙali, fasfon Makka, littafin soja da takardun fansho in kuna da mazan jiya. Hotuna ka juya bayansu, wani lokaci akwai hatimin mai hoto da garin. Kar ka ɗauke wa mutane takardunsu ka ce za ka dawo da su, daga nan ake ɓatawa, ɗauki hoto a wurin da hasken rana, gaba da baya, ka mayar a gabansu. Kar kuma a sa salatif a kan tsohuwar takarda, yana cin ta.

Takardar haihuwa ka yi hattara da ita. Yawancin iyayenmu ba a rubuta su ranar da aka haife su ba, takardar kotu aka yi musu daga baya da shaidu biyu lokacin shiga lakwal ko neman aiki, shi ya sa za ka ga an sa né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, wasu kuma an rage musu shekaru don su samu shiga. Babana takardarsa ta ce 1952, innarsa ta ce tana da cikinsa aka naɗa Sanda Umaru, ni maganar innarsa na ɗauka, amma na rubuta duka biyun.

Wajen gida kuma, fara da mai unguwa ko mai gari da limamin unguwa, sannan meri wato ofishin magajin gari inda rajistar haihuwa da aure da rasuwa take, ka je da cikakken suna da shekarar da kake zato, ka yi haƙuri don da hannu ake bincikawa. In gidanku na da sarauta ko wata hidima a fada, nemi wanda zai gabatar da kai wurin dattawan fadar Sarkin Damagaram, ba a faɗa musu kai tsaye. Wanda ya samu zuwa Yamai akwai gidan ajiyar takardun ƙasa inda rahotannin kwamandojin Nasara suke, akwai cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni mai sashen rubuce-rubucen larabci da ajami, akwai cibiyar CELHTO da aka kafa don tarihin baka. A nan gida jami'armu ai sunan André Salifou take ɗauke da shi, wanda ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 da ya fito a 1971, je sashen tarihi ka tambayi kundayen ɗalibai, wani ya riga ya yi bincike a kan garinku ba ka sani ba. Sai dai ka sani takardun Nasara sarakuna da attajirai da sojoji da masu shari'a suka fi ambata, talaka manomi da wuya ka ga sunansa, abin da za ka samu shi ne labarin garinsa da shekarar da aka yi fari ko aka watse.

Yanzu ne intanet ke da amfani. Shafin Gallica na Faransa kyauta ne, akwai tsofaffin littattafai da taswirori, ka nemi sunan ƙauyenku da rubutun Faransanci iri biyu ko uku. Ayarin Tilho, hafsan Faransa, da ya shata iyakar Nijar da Najeriya daga 1906 zuwa 1909 ya tattara jerin sarakunan garuruwan yankin nan, yana taimakawa wajen tsanin shekaru. In wani kakanku ya tafi yaƙin Nasara bai dawo ba, duba shafin Mémoire des hommes, akwai sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 da na 1939. Don zana bishiyar zuriya kuwa akwai manhajoji: FamilySearch kyauta ne a waya, Gramps kuma a kwamfuta yake aiki ko babu intanet. Ni dai na fi yarda da ƙaton kwali da fensir, saboda gidan da mutum ɗaya ya auri mata tara a rayuwarsa ga auren zumunci ta ko'ina, allon waya ba ya ɗauka. Zana kowace mace da ɗakinta, ƴaƴanta a ƙarƙashinta, haka muke lissafin dangi dama.

Abin da ya fi yi min aiki a waya shi ne gurup na WhatsApp na dangi. Ka sa tsohon hoto guda ka ce wa ya san wannan, da murya ba da rubutu ba don tsofaffi su ji, kafin dare an kawo maka suna biyar. Ta nan muka gano reshenmu na Kano, zuriyar wani ƙanen kakana da ya gudu daga aikin dole ya bi ta Magarya bai sake dawowa ba. Danginmu ba su tsaya a iyaka ba, tambayi wanda ya tafi Kano ko Daura ko Hadeja cin rani, wanda ya bi fataucin goro Gwanja, wanda ya tafi gabas karatu, wanda ya tafi Makka a ƙasa ta Fort Lamy, wato N'Djamena ta Chadi a yau, ya zauna Sudan. Amma kar ka zuba takardun mutane da lambobinsu da ranar haihuwar masu rai a Facebook, kuma gwajin jinin nan na DNA da ake talla ni ban ba ka shawara ba, kuɗi ne masu yawa, ba zai ba ka sunan kaka ko guda ba, kuma yana iya tono abin da zai raba zumunci.

Wannan ya kawo ni kan abu mai nauyi. In ka tona sosai za ka ci karo da abin da ba a so a faɗa. Damagaram ta yi yaƙe-yaƙe, an kamo mutane, an yi bauta, an yi sa-ɗaka, akwai gidajen da kakarsu ta zo a haka, akwai waɗanda kakansu shi ne mai kamowa. Akwai kakannin da ba su yi salla ba, akwai ɗan da aka yi shakkar ubansa. Ranar da gwaggona ta sa na kashe rikoda ta faɗa min ta inda wata kakarmu ta shigo gidan, na yi kwana biyu ina juyayi, daga baya na ga matar nan ita ta haifi rabinmu, an raba ta da garinsu tana yarinya, in ban rubuta sunanta ba wa zai rubuta. Na rubuta sunanta da sunan garin da ta riƙa ambata har ta rasu. Amma abin da aka ba ka amana ka riƙe amana, kar ka kai shi gurup, kar ka tona asirin wani gidan da ba naku ba, kuma kar wannan aiki ya zama makamin gori ko na hana aure. Haka nan kar ka ƙara gishiri, kowa so yake a ce daga Barno ko Makka kakansa ya zo ko jinin sarauta ne, in abin da aka faɗa maka kenan rubuta cewa wane ne ya faɗa, ranar kaza, shi kuma daga wa ya ji. In baki biyu sun saɓa rubuta duka biyun, inda ba a sani ba ka bar gurbin fari.

Ajiya kuma wuri uku: kaye, memori ko kwamfuta, da Google Drive ko ka tura wa wani ɗan uwa da ke wani gari, don waya tana faɗawa ruwa, gara kuma ba ta raga wa takarda. Duk muryar da ka ɗauko ka zauna ka rubuta ta cikin satin, da Hausar da aka faɗe ta. Idan ka haɗa abin da ya samu ka yi fotokofi biyar ko shida, ka bari sai Sallah da dangi suka taru ka shimfiɗa kwalin a tsakar gida ka karanta da ƙarfi, ka riƙe fensir a hannu don za a yi maka gyara da yawa. Bara da na karanta namu wata iya da ban taɓa zaton ta san komai ba ta ce an tsallake mace guda tsakanin Tanko da auta, an aurar da ita wani ƙauye bayan Tanut, kuma tana jin jikokinta na nan. Bayan girbi in Allah ya kai mu can na nufa.